Kirsimeti A Vimtim: Kasuwar Mako Biyu Da Ke Cin Amfanin Shekara Guda

MUBI, Jihar Adamawa — Daga tsakiyar watan Disamba zuwa farkon Janairu, garin Vimtim da ke ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa yakan ga kuɗi da jama'a da ababen hawa irin waɗanda ba ya gani a sauran watannin shekara. 'Ya'yan garin da ke aiki a Yola da Abuja da Legas, da masu kaki da suka samu hutu, da ɗalibai, duk sukan nufo gida domin bikin Kirsimeti, kowa da ɗan abin da ya tara. A daidai wannan lokaci ne kuma manomin garin ya gama kai dawarsa da gyaɗarsa da wakensa gida. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu, wato kuɗin masu dawowa da amfanin gona, ita ce ke haifar da wata kasuwa wadda ba ta wuce mako biyu zuwa uku, amma ita ke yanke yadda gidaje da dama za su ci abinci har zuwa watan Agusta.

Vimtim tana ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Mubi ta Arewa, 'yar tafiya kaɗan daga cikin garin Mubi, a gindin duwatsun Mandara da suka raba Nijeriya da Kamaru. Mutanenta Fali ne, kamar maƙwabtansu na Bahuli da Muchalla, kuma noma da ɗan kiwo su ne sana'arsu. A gida ana yin harshen Fali, a kasuwa kuwa Hausa da Fulatanci ke aiki. Wannan yanki bai shigo Nijeriya ba sai a 1961. Da farko yana cikin Kamarun Jamus, daga bisani ya koma riƙon Ingila, sa'annan ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 ta haɗe shi da Jihar Arewa, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwata. Ya shiga jihar Gongola a 1976, ya kuma zama ɓangaren Adamawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Duk wannan sauye-sauye bai raba kasuwannin gindin dutsen da na ƙetaren iyaka ba, kuma wanda bai riƙe wannan a zuci ba, zai sha wahalar fahimtar farashin kaya a Mubi.

Addinin Kirista ya kafu a wannan shiyya ne ta hannun mishan da dama, ciki har da na 'Yan'uwa wanda ya fara aiki a Garkida a 1923, wanda kuma ya haifi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, mai hedkwata a Kwarhi kusa da Mubi. Akwai kuma Katolika da Lutheran da wasunsu. Sai dai yawancin 'yan Nijeriya ba su san sunan Vimtim ba sai a 2014, saboda nan ce mahaifar Babban Hafsan Tsaro na wancan lokaci, marigayi Alex Badeh. Ranar 29 ga Oktoban wannan shekara mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi da Kwarhi, Vimtim ma ta faɗa hannunsu. An ƙwato Mubi a watan Nuwamba, amma Kirsimetin 2014 ya riski mutane da yawa suna gudun hijira a Yola da Kamaru, amfanin gonarsu yana yashe a daji, bankuna a rufe, shaguna a fashe. Shi kansa Badeh an harbe shi ranar 18 ga Disamban 2018 a kan hanyarsa ta komowa Abuja daga gonarsa, mako guda kafin Kirsimeti. Saboda haka idan aka ga motoci sun cika Vimtim a Disamba, ba shagali kaɗai ake gani ba. Alama ce ta cewa masu kuɗin garin sun yarda su kwana a gida da iyalinsu, kuma babu wata ƙididdiga ta gwamnati da ta kai wannan auna zaman lafiya.

Abu na farko da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne kalanda. Sallah tana bin wata, don haka takan matso da kimanin kwana 11 kowace shekara; wani lokaci ta faɗo da kaka, wani lokaci da bazara, wani lokaci a tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Kirsimeti kuwa ba ya motsi daga 25 ga Disamba. Kullum yakan zo ne bayan an yanke dawa, an cire gyaɗa, an roro wake, dabbobi sun ƙoshi da ciyawar damina da harawa. Ma'anar wannan ita ce, bikin da ya fi kowanne cin kuɗi a gidan manomin Vimtim yakan zo a daidai lokacin da abin da yake da shi na sayarwa ya fi araha. Akan samu shekarun da bukukuwan biyu ke haɗuwa, kamar 2007 da Babbar Sallah ta zo 'yan kwanaki kafin Kirsimeti, inda mai neman ragon layya da mai neman akuyar biki suka yi karo a kara ɗaya. A lissafi, Ƙaramar Sallah za ta sake faɗowa daf da Kirsimeti a 2033. Amma wannan ba kullum ba ne. Abin da ke kullum shi ne haɗuwar Kirsimeti da kaka.

A nan ne kuɗin yake, a nan ne kuma asarar take. Magidanci na bukatar tufafin yara da na uwargida, da nama, da shinkafa, da baikon godiya na kaka a majami'a, da gudunmawar bukukuwan aure waɗanda akan jera a wannan wata saboda dangi sun hallara. Bayan mako biyu kuma ga kuɗin makaranta na zango na biyu. Ba shi da albashi, banki kuma ba ya ba irinsa rance. Abin da ya rage shi ne ya buɗe rumbu. Da yake duk maƙwabtansa haka suke yi a mako ɗaya, sai hatsi ya cika kasuwa, 'yan sari daga Mubi da masu ajiya su saya da mudu, su ɗura a buhu, su jira damina.

A ɗauka, don misali kawai, manomi ya sayar da buhun dawa a Disamba kan naira dubu 40, abinci ya yanke masa a Yuli, ya koma ya sayi irin wannan buhu kan dubu 60. A zahiri rance ya ci daga kasuwa, ya biya ruwan kashi 50 cikin 100 a wata bakwai, wanda idan aka miƙa shi zuwa shekara ya haura kashi 80. A watan Nuwamban 2024, lokacin da masu masana'antu ke kukan tsadar bashi, ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Nijeriya kashi 27.5 ne. Wato talakan da ba shi da asusun banki ya fi kowa biyan ruwa, ba tare da ya sa hannu a wata takarda ba. Ba daidai ba ne a ɗora wa mai ajiya laifin duka. Shi ma ya sa jarinsa, ya biya hayar sito da maganin ƙwari da dako, ya kuma ɗauki kasadar faɗuwar farashi. Kuma farashin yakan faɗi. A lokacin tsananin tsadar 2024, shekarar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100 a Disamba, ta abinci kuma ta kusa kashi 40, gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba tare da haraji ba na wani wa'adi, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai. Masu ajiyar da suka saya da tsada sun tafka asara, manoman da suka sayi taki da tsada suka sayar da araha. Wanda ya ce ajiyar hatsin Disamba riba ce tabbas, bai yi 2025 a kasuwa ba.

Daga hatsi sai nama. Kasuwar shanu ta Mubi tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa maso gabas, inda shanu ke shigowa daga Kamaru da Chadi, a loda su a manyan motoci zuwa kudu. A Disamba bukatar kudu takan tashi, domin a can ma biki ake yi, saboda haka mutumin Vimtim da ya zo neman ɗan bijimi ba da maƙwabcinsa yake gasa ba, da fataken Legas da Anacha da Fatakwal yake yi. Kusancinsa da kara ya rage masa kuɗin mota ne kurum, bai rage masa farashi ba.

Maganin da jama'a suka samo wa wannan tsoho ne, wato watanda. Mutum goma ko ashirin, 'yan unguwa ɗaya ko ma'aikatan makaranta ɗaya ko 'yan ƙungiya ɗaya a majami'a, sukan riƙa tara kuɗi tun watanni kafin biki, a sayi sa, a yanka ranar jajibere, a kasa naman kashi-kashi daidai da abin da kowa ya zuba. Kai da ƙafa da kayan ciki da fata duk suna da lissafinsu. Masanin tattalin arziki zai ce wannan ƙungiyar masu saye ce da ta tsallake ribar mahauci, ta kuma tilasta wa membobinta tanadi; kuma gaskiya ne, domin wanda ya zuba kuɗinsa a watanda ko adashe tun watan Yuni ya rage yawan hatsin da zai kai kasuwa a Disamba. Raunin tsarin shi ne amana. Ba a rubuta komai, kuma idan farashin sa ya tashi fiye da abin da aka tara, ko mai riƙon kuɗi ya taɓa su, zumunci ne ke biyan diyya.

Akwai wata al'ada da ke tafe da wannan wadda ta cancanci a ambata. A garuruwa da yawa na Arewa inda Musulmi da Kirista ke zaune tare, mai bikin Kirsimeti yakan kira Musulmi ya yanka masa dabba, don maƙwabci da abokin aiki su ci abincin da za a aika musu ba tare da ɗar-ɗar ba, kamar yadda shi ma akan aiko masa da naman layya. Makiyayin da ya yi kiwon san, da dillalin da ya karɓi la'ada, da mahaucin da ya feɗe, da mai sayen fata, galibinsu ba sa bikin Kirsimeti, amma suna cin kasuwarsa. Haka tela, haka mai kayan miya, haka direba. Masu wa'azin raba kan jama'a ba su cika leƙa littafin cinikin waɗannan mutane ba.

Farashin san nan kuwa yana da alaƙa da wani abu da ake yanke shi nesa da Mubi, wato canjin kuɗi. Kamaru da Chadi suna amfani da sefa, wadda ke ɗaure da kuɗin Turai a kan sefa 655.957 kowace yuro ɗaya. A watan Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan ƙetaren iyaka sun yi wa mai naira sauƙi. Tun daga Yunin 2023, da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, reshe ya juye da mujiya: dalar da ake canzawa a hukumance kan kimanin naira 460 ta haura 1,500 a 2024, sefa kuma ta bi yuro ta yi sama. Sakamakon ya zo ta fuska biyu. Mai shanu daga Kamaru yana lissafi da sefa, don haka dole ya nemi naira mai yawa kafin ya saki dabbarsa. Mai sayen hatsi daga Kamaru kuma, da ya canza sefarsa a wurin 'yan canjin Mubi, sai ya ga masara da wake sun zame masa araha. Ga manomin Vimtim wannan ba sharri ba ne gaba ɗaya, domin ƙarin mai saye a lokacin kaka yana ɗaga masa farashi. Ga ma'aikaci mai albashi kuwa, wanda ke sayen nama da hatsi duka, duka biyu ne ya sha. Mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai kai kuɗin buhun shinkafa mai kilo 50 ba a Kirsimetin wannan shekara.

Wanda bai shiga watanda ba, kaza ce madogararsa, kuma a nan ne ƙananan masu jari, musamman mata da ma'aikata, ke gwada sa'arsu. Kajin gidan gona na nama sukan isa yanka cikin mako shida zuwa takwas, saboda haka mai nufin kasuwar Kirsimeti dole ya zuba 'yan tsaki a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. 'Yan tsakin daga nesa suke zuwa, daga wuraren ƙyanƙyasa na Ibadan da Jos da Kaduna, kuma doguwar tafiyar kan kashe wasu tun a hanya. Sanyin hunturu na gindin dutse yana bukatar a ɗumama musu ɗaki da gawayi. Abinci shi ne ke cinye mafi yawan jarin. Babban haɗarin dai shi ne lokaci: kazar da ba a sayar ba zuwa ranar sabuwar shekara tana ci gaba da cin abinci alhali masu saye sun watse, kowace rana riba na zaizayewa. Kajin gida sun fi tsada a wurin masu son ɗanɗano, ba su kuma cin jari sosai, amma hunturu ne lokacin da annoba ke share su, duk da cewa cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafin, kuma kuɗinta bai kai na kaza ɗaya ba.

Tufafi su ne suka fi fitar da kuɗi daga garin. Atamfar da mata za su yi anko da ita, ko ta iyali ko ta zumuntar mata ko ta 'yan waƙa a majami'a, mafi yawanta daga Kantin Kwari na Kano take zuwa, kuma mafi yawan ta Kantin Kwari daga ƙasar Sin take, tun bayan durƙushewar masaƙun Kaduna da Kano. Takalma da kayan yara na kanti daga Aba da Anacha. Gwanjo, wanda dokar shigo da kaya ta haramta amma babu kasuwar da ba a baje shi, yana samun ciniki biyu a wannan wata, na kwalliya da na rigunan sanyi. Abin da ke zama a yankin daga duk wannan shi ne ribar mai shago da ladan tela. Telan kuma iyakarsa abin da ƙafarsa da idonsa za su iya, sai ko in yana da janareta ko hasken rana. Yakan karɓi ɗinki fiye da ƙarfinsa, domin ya san bayan biki zai yi makonni yana gyaran tsofaffin kaya, kuma rigimar daren 24 ga wata a ƙofar shagon tela ba ta bambanta da ta daren Sallah ba ko kaɗan.

Wani giɓi da ba a cika lura da shi ba shi ne na 'yan kasuwa Ibo, waɗanda ke da ƙarfi a cinikin kayan gyaran mota da kayan gini da magunguna. Su ma gida suke tafiya Kirsimeti, da yawansu sukan rufe shago kwanaki kafin biki, ba su dawowa sai Janairu ya yi nisa. To amma wannan shi ne lokacin da ɗan gari da ya zo hutu da kuɗi a hannu ke son ya sa kwano a ɗakin mahaifiyarsa, ko ya kai ginin da ya fara bara linta, tunda rani ne kuma yana nan zai sa ido. Mai siminti da kwano da ƙusa da ya zauna a buɗe a waɗannan kwanaki ba ya rasa ciniki.

Duk wannan ciniki da tsabar kuɗi ake yin mafi yawansa, kuma tsabar kuɗi ta zama abin fargaba a Disamba tun 2022. Ranar 26 ga Oktoban wannan shekara Babban Banki ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara yawo ranar 15 ga Disamba, kwana goma kafin Kirsimeti, aka kuma sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi. Manomin da ya sayar da hatsinsa a wannan kaka ya karɓi takardun da aka ce sun kusa mutuwa, ga shi banki sai ya je Mubi. Sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani ranar 3 ga Maris, 2023, kafin tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. An sake fama da ƙarancin kuɗi a Disamban 2023 da na 2024. Wanda ya ci moriyar wannan shi ne mai na'urar POS, wanda ya zama bankin ƙauye, yana sayen tsabar kuɗi daga gidajen mai da manyan shaguna yana sayar wa jama'a da kamasho, kuma kamashon yakan tashi a makon biki kamar farashin tumatir. Tura kuɗi ta waya ya yaɗu sosai tsakanin 'yan sari da masu shaguna. Amma tsohuwar da ta kawo mudu biyar na gyaɗa kuɗi take so a tafin hannunta, kuma mai saye da ya zo da tsaba yakan samu rangwamen da mai taransifa ba ya samu. Ɗan kasuwar da ke shirin shiga ƙauyukan Mubi a Disamba ya tanadi canjinsa tun Nuwamba.

Sufuri ma ya canza lissafi. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, ana sayar da lita a hukumance ƙasa da naira 200. A Oktoban 2024 ta haura naira 1,000. Magidancin da a da yake kwaso iyalinsa duka daga Abuja ya biyo ta Gombe ko Yola, ya bi Gombi da Hong zuwa Mubi, yanzu sai ya auna: ko ya zo shi kaɗai, ko ya turo kuɗin motar a yi biki da su. Rangwamen rabin kuɗin mota da jirgin ƙasa kyauta da gwamnatin tarayya ta bayar a Disamban 2023 ya tsaya a manyan hanyoyi, kuma babu layin dogo a Adamawa. Ga kasuwar gari, kuɗin da aka turo bai kai mutumin da ya zo da kansa ba. Wanda ya zo zai sayi lemo, ya hau Keke, ya yi aski, ya ba yara, ya yi alkawari a gidauniya.

Baƙon da ya zo kallon bikin zai tarar da shi ba kamar na birni ba. Babu fitilu masu walƙiya a kan tituna, sai hazon hunturu da ya lulluɓe duwatsu, da sanyin asuba mai ratsa ƙashi. A garuruwan wannan yanki akan raya daren 24 ga wata da waƙoƙi, da safe a cika majami'u da sababbin tufafi, ana waƙa da Hausa da harshen gida, da ganga da tulu da kacau-kacau. Bayan an taso sai rabon abinci, yara na yawo da kwanuka gida-gida. Ranar 26 da kwanakin da ke biye su ne na raye-rayen gargajiya da wasan ƙwallo tsakanin unguwanni da ɗaurin aure da tarurrukan ƙungiyoyin raya gari. Duk inda aka taru, nan take kasuwa ke tsirowa: mai tsire, mai rake, mai ƙosai, mai lemo a cikin ƙanƙara, mai balan-balan, mai ɗaukar hoto, mai cajin waya, mai hayar kujeru da rumfa da lasifika. Masu dafa burkutu ma suna cikin manyan masu sayen dawa a wannan mako, ko da yake majami'u da dama ba sa goyon bayan sana'ar. Masauki kuwa sai a Mubi, in ba mutum yana da mai masauki a gari ba. Ya kamata kuma baƙo ya bi shawarar mutanen gari game da tafiyar dare, domin ba a manta ba cewa a jajiberen Kirsimetin 2020 an kai wa Garkida hari.

Akan ji masu cewa me zai hana a mai da irin wannan biki abin jawo 'yan yawon buɗe ido. Suna kafa hujja da Kalaba, inda gwamnatin Donald Duke ta fara bikin kanibal a 2004, ko da kasuwannin Kirsimeti na Turai, irin ta Dresden a Jamus wadda ake ci tun 1434, da ta Strasbourg a Faransa tun 1570. Ga kuma Sukur a ƙaramar hukumar Madagali, a kan waɗannan duwatsu na Mandara, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. A ganin wannan marubuci, an fara gini daga rufi. Kasuwar Dresden ta soma ne a matsayin kasuwar nama ta yini guda domin mutanen gari, kuma abin da ya raya ta shi ne masu sassaƙa da masu gashi na yankin sun samu abin sayarwa nasu na kansu. Vimtim ba ta rasa baƙi ba. 'Ya'yanta ne baƙinta, kuma suna zuwa ba tare da an yi musu talla ba. Abin da ta rasa shi ne kayan da za ta sayar musu. Kuɗin da suka shigo ranar 22 ga wata, kafin ranar 27 sun koma Mubi, daga can sun wuce Kano da Aba da Ibadan.

Alhali kuwa motar da ta zo cike da shinkafa da lemo da atamfa ba ta komawa wayam. Duk mai komawa birni yana son man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da wake tsintacce, da garin dawa, da daddawa, da kuka da kuɓewa busassa, da zuma. A yanzu mafi yawan wannan kyauta ce daga dangi, ko kuma a saya a gurguje a tashar Mubi. Ƙungiyar mata da za ta matse gyaɗarta maimakon ta sayar da ita ɗanya, ta zuba man a galan mai tsabta, ta kuma karɓi oda ta waya tun Nuwamba, ta samu masu saye da suka san ta, suka yarda da ita, suka kuma zo har ƙofar gida da motarsu. Jarin da wannan ke bukata injin matsa ne da wurin ajiya, abin da bai fi ƙarfin ƙungiyar raya gari ko asusun majami'a ba. Haka nan sito na haɗin gwiwa, inda manomi zai ajiye buhunsa a ba shi wani kaso na kuɗinsa ya yi biki, a sayar daga baya a raba, zai rage masa wancan ruwa na ɓoye, muddin masu riƙon siton sun tuna da darasin 2025, ba su ba da rance har wuya ba.

Daga ranar 2 ga Janairu motoci sukan fara fita, kuɗin mota zuwa Yola da Abuja ya tashi kamar yadda na shigowa ya tashi mako biyu da suka wuce. Mai kaji ya karya farashin abin da ya rage masa, tela ya fara bin bashin ɗinki, mai shago ya buɗe littafin waɗanda suka ce sai bayan biki. A mako na biyu makarantu ke komawa, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa su sake cika Mubi, iyaye kuma su sake buɗe rumbu a karo na biyu domin kuɗin makaranta. 'Yan sarin da suka san yankin sukan rage wani abu daga jarinsu saboda wannan mako, domin a lokacin mai sayarwa ya fi matsuwa, masu saye kuma sun ragu.